Yadda na nemo maginin da ya gina mini gida a Marwa

Tun da muka tare a sabon gida, duk wanda ya zo mana barka tambayarsa ɗaya ce: wa ya gina maka? In na faɗa, sai ya ce in ba shi lambar waya. Ina bayarwa, amma hankalina ba ya kwanciya, don lambar waya kaɗai ba ta isa ba. Magini ɗaya yana iya yi wa wani aiki mai ƙwari, ya yi wa wani na jeka-na-yi-ka, ya danganta da yadda aka shiga da shi da abin da aka ajiye a rubuce. Shi ya sa na ga ya fi in rubuta yadda tawa ta gudana tun daga farko, ko Allah zai sa mai fili a Marwa ta ƙasar Kamaru da kewayenta da yake tara kuɗin gini ya huta da ruɗanin da na shiga.

Sana'ata albasa ce. Ina saye a Miskin da lambunan bakin kogin Mayo Tsanaga, in yi lodi zuwa Yawunde da Duwala. Mai irin wannan sana'a abu biyu ne suke damunsa in zai yi gini: kuɗi ba sa zuwa masa wata-wata, sai a dunƙule in kasuwa ta yi kyau, sannan yakan yi makonni ba ya gari. Don haka tun farko na san wanda nake nema, wato mutumin da aikinsa ɗaya ne ko ina nan ko ba na nan, wanda kuma in kuɗi sun yanke zai tsaya a inda tsayawar ba za ta cutar da ginin ba. Na je wa kawuna da maganar, dattijo ne da ya yi shekaru yana aikin hanyoyi da gadoji kafin ya ajiye aiki. Lokacin mun daidaita da mai fili amma ban biya ba. Ya ce mini: "Ɗana, kada ka kira magini tukuna. Wanda ya kira magini ba takarda ba zane, maginin ne zai zaɓar masa gida, shi nasa biya kawai."

Saboda haka da takardar fili na fara. Filina yanki ne da aka yanka daga wani babban fili mai titir fonsiye, wato takardar mallakar fili ta gwamnati, a bayan gari, don haka hanyar ta fi sauƙi. Kafin in ba da ko dala, na je ofishin ajiyar takardun filaye na nemi satifikan mallaka na babban filin. Wannan takarda ce take nuna sunan mai filin na gaskiya, da ko an jinginar da shi a banki. Daga nan sai wajen notar, mai tabbatar da takardun ciniki a hukumance, domin dokar filaye ta 1974 ta ce cinikin fili mai titir in ba a gaban notar aka yi shi ba, ba ciniki ba ne, ko shaidu nawa suka sa hannu. Sannan mai awo daga kadastir, ofishin awon filaye, ya zo ya auna, ya kafa duwatsun iyaka a kusurwoyi, maƙwabta suna tsaye suna gani. Jiran fitowar titir da sunana ya ɗauki watanni, kuma na ƙosa ƙwarai, ina ganin farashin siminti yana motsi ni kuwa ko bulo ɗaya ban aza ba. Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu takardar lawan ko ta jauro kawai suke riƙe da ita. Tana da amfaninta a matsayin shaida, amma ba titir ba ce, mai ita sai ya bi ta kwamitin da sufurefe, jami'in mulkin gunduma, yake shugabanta a zo a duba filin kafin a kai ga titir. Abin da ya haɗa wannan da zancen magini shi ne daga duwatsun nan zai ja igiyarsa. In babu su, da ido zai ƙiyasta, in ya shiga hakkin maƙwabci ko hanya, kai za a rushe wa, shi ya riga ya karɓi kuɗinsa.

Sai zane. Na sami mai zanen gida da yake cikin ƙungiyar masu zanen gine-gine ta ƙasa, ONAC, shi kuma ya haɗa ni da wani matashin injiniya da suke aiki tare. Ɗakin kwana uku nake so, da falo, da ɗakin girki, da zauren baƙi mai ƙofarsa daban don kada baƙo ya ratsa ta cikin iyali. Kafin su zana komai suka ce sai sun taka filin. Muka je cikin watan Afrilu, rana tana dukan ƙwaƙwalwa. Injiniyan ya durƙusa ya zura hannunsa cikin wata tsaga a ƙasa, hannun ya shige har wuyan hannu. Ya ce: "Alhaji, filinka karal ne." Baƙar lakar nan ce da manoma suke shuka muskuwari a kanta bayan damina. Ga noma albarka ce, ga gini kuwa jarraba: in ta sha ruwa ta kumbura ta ɗaga abin da ke kanta, in rani ya yi ta tsuke ta tsattsage. Duk gidan da ka gani a Marwa bangonsa ya tsage a karkace daga kusurwar taga, ka tambayi ƙasar da ke ƙarƙashinsa. Ya sa aka haƙa ramuka a wurare daban-daban na filin don ya ga zurfin lakar da abin da ke ƙasanta. Ya ce da bene zan yi da ba zai zana ba sai an kai ƙasar ɗakin gwaji, irin aikin da hukumar LABOGENIE take yi, amma ga gidan ƙasa abin da ya gani ya ishe shi ya tsara harsashi mai zurfi, da ɗamarar kankare a ƙasa da za ta haɗe ginshiƙai duka, da cikon yashi da jar ƙasa a dandaƙe.

Zane da lissafi sun ci mini jaka 350 na sefa, kuma a lokacin na ji zafinsu. Yanzu kuwa ina ganin su ne kuɗin da suka fi yi mini aiki, saboda takarda ɗaya da ta fito daga ciki, wato debi, lissafin kaya da kuɗin gini. Injiniyan ya jera komai: buhun siminti nawa a kowane mataki, rodi nawa mai lamba 6, 8, 10 da 12, bulo nawa mai kaurin santimita 15 da na 20, tifar yashi da ta tsakuwa nawa, katako da kwano. Ya ba ni kofi biyu, ɗaya da farashi, ɗaya kuma gurbin farashin a wofi. Na biyun shi zan riƙa miƙa wa magina, kowa ya cike nasa, don in kwatanta abu ɗaya da abu ɗaya.

Da waɗannan na nufi meri, ofishin magajin gari, neman izinin gini. Dokar tsara birane ta 21 ga Afrilun 2004 ce ta wajabta shi, kuma magajin gari ne yake bayarwa. An nemi takardar roƙo mai kan sarki, da satifikan tsarin gari wanda yake nuna ko an yarda a yi gini a wurin da tazarar da za a bari daga hanya, da satifikan mallaka, da zanen da mai zane ya sa wa hannu, da debi. Satifikan mallaka sabo ake so, don haka kada mutum ya dogara da wanda ya karɓa tun lokacin ciniki, ya nemi wani in zai haɗa fayil. Kuɗin izinin a lokacin kashi 1 cikin 100 ne na ƙimar ginin, ni na biya jaka 160, na riƙe rasit. An ba ni takardar shaidar ajiye fayil, na riƙa leƙawa har izinin ya fito bayan 'yan makonni. Akwai masu cewa ɓata kuɗi ne, amma duk mun ga bangon da aka shafa wa jan fenti aka tsayar da aiki, siminti yana daskarewa a buhu.

A lokacin jiran nan na fara neman magini. Abokai da mutanen masallaci sun ba ni sunaye, sai dai kowa nasa yake yabo. Labarin da ya fi amfani daga wasu mutane daban na same shi: masu shagon kayan gini, da direbobin tifa, da leburori. Mai shago ya san maginin da yake zuwa ya ce a rubuta masa rasit sama da abin da ya saya, ya kuma san wanda yake dawo da buhunan mai gida ya sayar da rahusa. Direban tifa ya san wanda yake mayar da yashi in bai yi masa ba. Lebura ya san wanda yake biyan yaransa ranar da ya yi alkawari. Ba sa faɗa a zama ɗaya, sai ka saba da su, kun sha shayi tare, sannan magana take fitowa.

Na farkon da muka zauna da shi matashi ne mai fara'a, wayarsa cike da hotunan gidaje masu kyau. Na miƙa masa debi, ya juya shafi biyu bai karanta ba, ya ce miliyan 13 zai miƙa mini makulli, in ba shi rabi ya fara. Kuɗin sun ja ni, don sun gaza lissafin injiniya da miliyoyi. Na ce ya kai ni in ga aikinsa. Ya kai ni wani sabon gida da fenti bai gama bushewa ba, muka tsaya daga waje. Na ce ina son wanda ya shekara biyar, in kuma gaisa da mai shi. Wannan mai gidan ya yi tafiya, wancan ba ya son baƙi, na ukun zai tambaya ya kira ni. Na tambaye shi zurfin da zai yi wa harsashi a karal, ya ce kada in damu, sun saba. Da na nuna wa injiniya farashinsa, ya lissafa mini a gabana cewa kuɗin kaya kaɗai, ba lada, sun kusa cinye miliyan 13 ɗin. Wanda ya karɓi aiki a haka ko dai ya rage siminti da rodi inda ba za ka gani ba, ko ya kai ginin rabi ya dawo ya ce kuɗi sun ƙare.

Na biyu kamfani ne mai ofis, da rajistar kasuwanci, da lambar haraji, komai a kammale. Sun cike debi layi-layi, suka kawo miliyan 24. Ban ga aibinsu ba, kuma ga mai yin bene ko mazaunin ƙasar waje da ba shi da mai tsaya masa, irinsu ne daidai, don in an sami matsala akwai adireshin da za a nufa. Ni dai ƙarfina bai kai ba. Da na tambayi wanda zai riƙa tsayawa a kan aikin kullum, sai suka ce suna da magina da suke ba wa kwangila. Na ce a raina, ashe maganar dai a hannun wani magini za ta ƙare, bari in neme shi da kaina.

Na ukun shi ya fi hana ni barci, don ɗan'uwa ne ta wajen mahaifiyata, kuma magini ne na gaske. Ya zo har gida ya ce ya ji zan yi gini, aikin nasa ne. Da na kawo zancen rubuta yarjejeniya da injiniyan da zai riƙa dubawa, fuskarsa ta canja. Ya ce: "Haba Yaya, tsakaninmu har sai an rubuta?" Na fahimci ba mugunta ba ce, ganinsa rubutu zargi ne. Amma na hango ranar da zan dawo daga Duwala in ga abin da bai yi mini ba: in na yi magana zumunci ya ɓaci, in na yi shiru gida ya ɓaci. Kawu ne ya fitar da ni. Ya kira mu ya ce shi ya hana, don ba ya son kuɗi su shiga tsakanin 'ya'yansa. Har yau muna zumunci, ya kuma zo walimar tarewa.

Wanda na ɗauka daga bakin mai shago da direban tifa na fara jin sunansa, kuma su biyun ba su san na tambayi ɗayan ba. Direban ma ƙorafi ya yi, ya ce tsohon ya taɓa sa shi ya koma da lodi guda don yashin da laka. Na same shi da sassafe a wani gini da yake yi, riƙe da bokiti yana shayar da bulo da kansa. Muka gaisa, na ce: "Baba, aiki na kawo." Kafin mu zauna na nuna bulon na tambayi nawa yake fitarwa a buhun siminti. Ya ce na 15 ba ya wuce 32. Ya ɗauki ɗaya daga cikin waɗanda suka bushe, ya ɗaga daidai ƙirjinsa ya saki. Bulon ya faɗi da ƙara, gefensa ya ɗan ɓantare, bai fashe ba. Ya ce in je wajen masu sayar da na 50 a buhu in gwada haka. Bai iya Faransanci sosai ba, ɗansa da ya gama makarantar fasaha shi yake karanta masa zane. Ya karɓi debi ya ce in ba shi kwanaki, sai ya je ya ga filin. Da ya dawo, kafin farashi tambaya ya kawo: a ganinsa cikon da aka lissafa ya yi kaɗan, don filin ya fi hanya ƙasa, ruwan damina zai kwanta a tsakar gida. Na kira injiniya, suka koma tare, aka ƙara tifa a lissafi. Shi kaɗai ne cikin duk waɗanda na gani ya sami abin gyarawa a takardar, alamar shi kaɗai ya auna ta da ƙasar.

Na ce ina son ganin tsofaffin gidajensa. Ya lissafa mini su da unguwanninsu, a Domayo da Palar da wasu wurare, ya ce in tafi ni kaɗai, in yana wurin masu gida za su ji nauyinsa. Wannan yawon shi ne zuciyar aikin duka, kuma shi ne mutane suke tsallakewa. Mu 'yan albasa ba ma sayen buhu don kyan na sama, sai mun zazzage mun ga na ƙasa, to sabon gida mai fenti na saman buhu ne. Kawu ya koya mini inda zan duba. Ba na tsayawa a gaban gida, bayansa nake zagayawa, inda ba a yi don ido ba. Ina duban gindin bango ko damshi ya hau ya tayar da filasta, ina duban kusurwoyin taga da ƙofa ko akwai tsaga a karkace, ina buɗe ƙofofi in rufe in ji ko suna cijewa, don gidan da ya motsa ƙofofinsa ne suke fara faɗa. Ina ɗaga kai in nemi tabon ruwa a silin, ina ƙwanƙwasa daɓe da dunduniya in ji ko akwai rami a ƙasa, ina leƙa murfin ramin shadda.

Na kuma tafi da maiɗakina, kuma wannan shawara ce da nake ba kowa. Ni a zaure nake tsayawa da mai gida, shi kuwa sau da yawa yabo zai yi, don ba ya son a ce an cuce shi. Ita tana shiga ciki, kuma matan gida su suka san ɗakin da yake yoyo, da inda ruwa yake kwanciya in an yi wanki, da ko hayaƙi yana fita daga ɗakin girki. A wani gida na ga tsaga a bangon baya. Mai gidan ya ce bishiyar dalbejiya ce da ya shuka dab da bango take shanye ruwan lakar, kuma da ya kira tsohon ya zo ya gyara, bai ɓuya ba. A wani gidan kuma mai shi ƙorafi ya yi sosai: tsohon yana da taurin kai da nawa, ya ƙi cire katakon rufin kankare sai da ya cika kwana 21 alhali ana sauri za a yi biki. Na fito daga gidan nan na san na sami wanda nake nema.

Sai yarjejeniya. Hanya biyu ce: ko ka ba magini kuɗi dunƙule ya sayi komai ya miƙa maka makulli, ko ka sayi kaya da kanka ka biya shi ladan aiki. Na ɗauki ta biyu, saboda yanayin kuɗina, kuma saboda ta cire jarrabar rage kaya, tunda ba abin da zai ƙaru da shi in ya rage. Amma tana bukatar amintaccen mai tsaron kaya, don haka na ajiye ƙanena da littafi yana rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita kullum. Mun yi ladan ginin tun daga haƙa har filasta miliyan 3, aka raba mataki-mataki: harsashi, tada bango, ɗamarar sama, filasta da daɓe. Ba a biyan mataki sai an gama shi injiniya ya gani, ban da ɗan abin da ake ba shi duk mako don sallamar leburori, wanda ake cirewa daga kuɗin matakin. Mun rubuta awon haɗi, da adadin bulo a buhu, da kwanakin shayarwa, da cewa in kuɗina sun yanke za a tsaya ne a ƙarshen mataki. Injiniya ya nuna mini sassa biyu na Kod Sibil, kundin dokar mu'amala, da suka shafi ginin da aka yanke wa farashi: sashe na 1792 ya ɗora wa mai zane da ɗan kwangila alhaki na shekara 10 in ginin ya rushe saboda aibin aiki ko na ƙasa, na 1793 kuma ya hana ɗan kwangila neman ƙari kan wani canji in ba mai gida ya amince a rubuce ba. Ba mai son zuwa kotu, amma in ba takarda, da me za ka nuna abin da kuka yi? An rubuta da Faransanci, aka fassara masa da Fulatanci a gaban shaidu, muka kai aka tabbatar da sa hannu a hukumance. Abin da na fi jin nauyin faɗa shi ne zan riƙe kashi 10 cikin 100 sai damina ɗaya ta wuce. Ya ce: "Riƙe, ɗana. In ruwa ya ɗauke ka kira ni mu zagaya."

Mun fara a watan Nuwamba, bayan ƙasa ta tsane. Siminti a nan akwai na Cimencam da ake yi a Figil, kan hanyar Garwa, akwai na Dangote da yake hawowa daga Duwala. Abin dubawa shi ne lambar da ke jikin buhu mai nuna ƙarfinsa: mun yi kankare da 42.5, bulo da filasta da 32.5, ban kuma tara na watanni ba, na mataki ɗaya nake saye a jera kan katako. Rodi kuwa da ido ba ka gane na gaskiya. Mai tsawon mita 12, in lamba 10 ne nauyinsa wajen kilo 7.4 ne, lamba 12 wajen kilo 10.7, lamba 8 wajen kilo 4.7. Na ari sikeli a kasuwa, kuma lodin farko da wani ya kawo mana bai kai nauyi ba, muka mayar. Yashin kogi tsohon yana gwada shi a kwalba: ya zuba yashi da ruwa ya girgiza ya ajiye, in lakar da ta kwanta a sama ta yi kauri ba ya karɓa. Haɗin ginshiƙi da ɗamara buhu ɗaya ne, baro ɗaya na yashi, baro biyu na tsakuwa. Ruwa kuma a saka shi cikin lissafi tun farko, don kankare yana son shayarwa safe da yamma aƙalla mako guda, ƙarfinsa ba ya cika sai kwana 28, iskar hunturu kuwa tana busar da shi nan da nan. Mun gina ƙaramin tanki, masu kura suna cika mana.

Injiniya yana zuwa ne kafin kowane zubi, jaka 15 kowane zuwa, don in an zuba kankare ba mai sake ganin rodin da ke ciki. Yana ƙirga su, yana auna tazarar zobba, yana duba ko an sa 'yan duwatsun siminti da suke hana ƙarfe taɓa katako. Ina Duwala ya kira ni wata rana ya ce ginshiƙi ɗaya na kusurwa ya fito da ramuka, ana hango rodi, wani yaron aiki kuma ya shafe shi da siminti don ya ɓoye. Gabana ya faɗi, na kira tsohon ina shirin jin musu. Ya ce ranar ya je jana'iza, laifin yaronsa nasa ne. Kafin in dawo ya fasa ginshiƙin ya sake zubawa, bai nemi ladan ba, ni na ba da siminti. Ba a rasa kuskure a gini, abin da nake so mai neman magini ya bincika tun kafin ya ɗauka shi ne yadda mutumin yake yi in an nuna masa nasa.

Da muka kai ɗamarar sama kasuwar albasa ta faɗi, muka tsaya kamar yadda aka rubuta, ba rigima, ya tafi wani aikin ya dawo da na samu. A tsakanin nan maiɗakina ta nemi a ƙara ɗan ɗakin ajiya, muka rubuta shi da farashinsa a bayan yarjejeniyar kafin a taɓa bulo. Kafinta da mai wuta da mai famfo daban na ɗauke su, da shawararsa amma da irin binciken da na yi masa, kuma aka gama binne bututu kafin filasta. Rufi an ɗaure katakonsa da ƙarfen da aka dasa cikin ɗamara, saboda iskar farkon damina da take yaye kwano, an kuma shafe katakon da maganin gara. Mun ɗaga bango sama da yadda aka saba, aka bar ramukan iska ƙarƙashin rufi, don zafin Maris da Afrilu a nan yana haura digiri 40. Kewaye da gidan aka zuba daɓe mai gangara don ruwa ya yi nesa da harsashi, bishiyoyi kuma can gefen katanga.

Ranar karɓar gida muka zagaya da injiniya muka rubuta abin da ya rage, taga ɗaya da ba ta rufuwa daidai da gangaren banɗaki, ya gyara cikin mako. Gaba ɗaya, ban da fili da katanga, na kashe kusan miliyan 18, wato sama da debi da ɗan abu, yawancinsa ciko ne da ruwa da ɗakin ajiya. Wanda zai fara ya ajiye wani abu a gefe don irin wannan. Damina ta zo ta wuce, a watan Oktoba na kira shi muka zagaya. Bango bai tsage ba, sai yoyo ɗaya a mahaɗar kwano wanda kafinta ya toshe, na miƙa masa kashi 10 ɗinsa a gaban shaidun farko, ya sa hannu. Yanzu abin da ya rage mini shi ne takardar shaidar cewa ginin ya dace da izinin da aka bayar, ita ma a meri ake nemanta, kuma za a bukaci zane da izinin da rasit, don haka kada a bar su a hannun magini ko a wurin aiki inda siminti da ruwa za su lalata su.